Takardun da na zuba a kogi

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe wa gwamnati hannu aka turo mu Landan, mu biyu, mu koyi aikin safiyo. Ni da abokina tun muna yara malami ɗaya ya rubuta mana allo a zaure ɗaya, kuma ni na riga shi iya ajami, har malam yakan ce in duba masa wasullansa. Muka sami ɗaki ɗaya a Woolwich, a saman bene, ga gado biyu ga hita mai gas. Ranar Lahadi ita ce tamu. Bayan azahar mu tuƙa tuwon semolina, mu ci a kwano ɗaya, sannan mu rubuta wasiƙun gida. Ya gama tasa ya miƙo mini, ya ce, “Malam, a duba wa ɗalibi.”

A ƙasan benen akwai wani tsoho, baƙar fata ɗan Amurka, wanda yaƙi ya kawo shi Ingila ya auri Baturiya ya zauna. Matar ta rasu, idanunsa kuma sun fara dushewa. Baba muke ce masa. Ba shi da zance sai na ƙungiyar besbol ta garinsu, wasan nan da ake jefo ƙwallo a doke ta da kulki a zagaye kusurwa huɗu da gudu. Tun yana saurayi rabonsa da ganin filinsu, amma yana riƙe da shekarunsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda tsofaffinmu ke riƙe da shekarun damina da na fari.

Wata Lahadi abokina ya sauka don ya karanta masa wasiƙar ƙanwarsa, da guntayen jarida da takan saka a ciki. Tuwo ya huce bai dawo ba. Lahadi ta gaba ya ɗauki biro da takarda. Ashe Baba yana so a rubuta masa tarihin ƙungiyar kafin ya manta, shi kuwa abokina hannunsa ya fi sauri a ajami, sai ya riƙa juya zancen zuwa Hausa yana rubutawa, da niyyar ya mayar da shi Turanci in sun kai ƙarshe.

Daga sama ina jin dariyarsu ta cikin katakon daɓe. In abokina ya hawo sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya kama muciya da hannu biyu.

“Malam, ka san shekarar da suka kai wasan ƙarshe, mai jifansu ya karye a yatsa ana gobe za a buga?”

Na ce, “Ban sani ba. Na dai san miya ta daskare.”

“Kai dai ba ka da labari. Baba ya ce garin gaba ɗaya kamar an yi mutuwa, har masu aski suka rufe shago.”

“Allah ya ba su haƙuri. Wasiƙar Inna fa?”

“Gobe in Allah ya so.”

Ba a yi goben ba. Na kasance ina cin tuwo ni kaɗai, ina sauraron mutumin da muka sha bulala tare yana kiran sunayen waɗansu mutane da bai taɓa gani ba, yana jin zafin kayen da aka yi musu tun kafin a haife shi. Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa miƙo mini ko ɗaya daga takardun nan ya ce in duba ba. Da haruffan da na gyara masa yake rubuta su, amma ni ban da rabo a ciki.

Duk da haka na karanta su kaf, in ya tafi kwaleji. Yakan shimfiɗa su a ƙasa gefen gadonsa, kowace shekara da tarinta. Kuma bisa sabo, kowace takarda da Bisimilla ya buɗe ta, don hannun da aka horar a zaure ba ya iya fara layi ba tare da ita ba. Wata safiya na ga sawun takalmi a kan guda, da zoben kofin shayi a kan wata.

A wurinmu takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta wulaƙanta, wuta ake sa mata ko a ba ruwa mai gudu. Na san kuma akwai hanya ta uku, wato in tattara su in ɗora a kan kabad in yi masa magana. Ita ce ta fara zo mini, na kau da kai. Na cusa su a aljihun kwat, na gangara bakin kogi, na shiga jirgin fito. Da muka kai tsakiya na sake su. Ina ta faɗa wa kaina cewa don Allah na yi, alhali ƙirjina ya yi sanyi irin na wanda ya rama.

Da yamma ya shigo ya dubi gefen gadon, ya dube ni. Na gaya masa, har da sawun takalmin, har da hukuncin.  Sannan ya ce, “Sawun nawa ne, na yi kuskure, Allah ya yafe mini. Amma kabad ɗin nan ba shi da nisa, Malam.”

Abin da na yi bai raba su da komai ba. Wanda ya yi hadda ba ya rasa abin da ya rubuta da hannunsa. Lahadin da ta biyo na ji shi ta cikin daɓe yana kawo shekarun daga ka, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan rangajin murya irin na tilawa, Baba yana buga tebur yana ihu. Cikin wata guda ya gama rubuta su da Turanci, a littafi mai bango, kuma a ɗakin Baba ya bar shi.

Ba mu yi faɗa ba. Sai dai ya sayi kwanonsa, wasiƙunsa kuma ya riƙa liƙe su da kansa. Da zangon karatu ya ƙare ya ce ya sami ɗaki a Stratford kusa da wurin da aka tura shi koyon aiki. Na taya shi saukar da akwati. A ƙofar Baba ya tsaya yin sallama, na hango teburin a karo na farko: kujeru uku, da kofuna uku a kife.

Abokina ya ga inda nake kallo. Ya ce, “Kowace Lahadi sai ya tambaya ina malamin nan na sama. Ni kuma ina ce masa ba ka son wasa. Da ma ka sauko ko sau ɗaya.”

Baba ya rasu ba da daɗewa ba bayan mun koma gida. Abokina yana nan da rai, muna gaisawa a wurin suna da jana'iza. Har yau ina iya kawo shekarun ƙungiyar nan a jere, da shekarar yatsan da ya karye, da wadda ruwa ya hana su wasa mako guda, kuma ban taɓa gaya masa na riƙe su ba.