Dubagarin da Ta Nemi Guduma

Mai guga ce ta fara hango ta ta cikin tururi: mace gajera, takalminta ya sha tafiya, igiyar takunkumi ta yi mata shata a bayan kunne. Dubagari ce, ta zo duba ɗakin ɗinkin da mata ke aiki kafaɗa da kafaɗa duk da annoba.

Manaja yana gaba, takunkuminsa a haɓa, yana nuna mata sabon bokitin wanke hannu. Ta taɓa sabulun. A bushe yake ƙayau, ko tambarinsa bai goge ba. Wannan taɓawar uwa ce, in ji mai guga a ranta, wadda ta saba kama yara da ƙaryar wanka. Wataƙila ma ta taɓa cin abinci da keken ɗinki.

Dubagarin ta dubi tagogin da aka buga wa ƙusa.

"Ranka ya daɗe, a samo mini guduma. Da kanka."

Yana fita ta sassauta murya. "'Yan'uwa, wadda zazzaɓi ya kwantar, ana yanke mata albashi?"

Kekuna suka yi tsit. Mai guga, wadda ta yi kwanaki tana haɗiye tari, ta gyaɗa kai kaɗan.

Da manaja ya dawo, ta sa shi zare ƙusoshin. "Duk mai tari gida za ta tafi, albashinta cikakke. Zan dawo, kuma su zan tambaya, ba kai ba."

Iska ta shigo. Mai guga ta kashe dutsen gugarta, ta rufe baki da gyale, ta saki tarinta ba tsoro, tana sa wa matar albarka ko sunanta ba ta sani ba.