Lemon Kwalba a Ƙwaryar Inna

Jiya a wajen suna a Kiru aka miƙa wa kowa kwalbar lemonsa, sai marigayiya surukata ta faɗo mini a rai.

Ina amarya a Ƙafin Maiyaki, tun zamanin Turawa, maigidana ya dawo daga Kano da lemon kwalba guda, abin da ba mu taɓa gani ba. Ana buɗewa kumfa ta taso, Inna ta ja da baya.

"Abin da ke tafasa ba wuta ba ya shiga cikin jikokina!"

Ta juye shi a ƙwaryar fura har kumfar ta kwanta, ƙamshin lemo ya cika tsakar gida. Ta ƙara ruwan randa, ta ce, "Kwalba ta baki ɗaya ce, ƙwarya kuwa ta kowa."

Ina raɓe a bakin ƙofa, kunya ta hana ni matsowa. Sai ta tsallake jikokinta, ta miƙo mini ludayin farko.

"Sha, 'yata. Ke ma 'yar gida ce."

Jiya na shanye kwalbata ni kaɗai, ban ji rabin zaƙin ludayin nan ba. Allah Ya shayar da Inna ruwan Alkausara.