Guntu da Ruwan Sadaka

Na yafe abubuwa da dama a rayuwata, wasu ma na manta su, amma abin da yayan mijina ya yi wa karen 'yata ba zai taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya ɗauki zafi.

A unguwar Shisha ta Makka muke zaune lokacin, ni da mijina da 'yarmu ɗaya tilo mai fama da sikila. Yaran unguwa na guje-guje a ƙasa, ita tana kwance tana jin su ta taga. Abinci sai da lallashi, dariya kuwa sai a yi sati ba a ji ba. Ana haka ƙanena da ke tuƙi a gidan wasu Turawa a Jidda ya zo mana da ɗan kare a kwali, wai masu gidan sun koma ƙasarsu sun bar shi. Ya ce sunan irinsa fitbul, amma ƙaramin samfuri ne. Ga ƙaton kai, ga faɗin ƙirji, ƙafafun kuwa kamar an rage su da gangan. Na buɗe baki zan ce ya kwashe tsiyarsa, sai na ji yarinyar nan ta ƙyalƙyale da dariya. A wurin ta raɗa masa suna Guntu.

Na san kare a Makka abin magana ne, ni ma ba a gidan da ake kiwonsa na tashi ba. A saman bene muka yi masa rumfa, kwanonsa daban, bai taɓa taka inda muke salla ba. Amma saboda shi yarinyar da ba ta iya zuwa ƙofar falo ta fara hawa matakala da kanta. Sai ta cinye abincinta tas don a ba ta ƙashi ta kai masa.

Da aikin hajji ya matso, muka yi yadda mutanen Shisha ke yi duk shekara: a bar wa alhazai gida haya, a koma wajen dangi. Mu gidan yayan mijina muke komawa a unguwar Ka'akiyya. Ban ɓoye masa komai ba. Na je har gabansa na durƙusa na ce, "Yaya, akwai karen yarinyar nan. In ba ka so ya shigo gidanka ka faɗa mini, in mayar wa ƙanena Jidda kafin a tsaurara hanya."

Ya ci gaba da jan carbinsa, bai ko dube ni ba. "Mafi mushkila," in ji shi, "ba komai. A ɗaure shi a bayan gida."

Da ya ce a'a, wallahi da ban ji haushi ba, gidansa ne. Amma ya ce ba komai.

Mijina ya tafi Mina aikin yi wa alhazai jagora. Kafin ranar Arfa ciwon yarinyar ya tashi, muka kwanta asibiti. Tana kukan ciwon ƙashi tana tambayata, "Ummi, wa zai ba Guntu moya?" wato ruwa. Na ce Baffanki na nan, kwantar da hankalinki. Da bakina na faɗa mata haka.

Ranar da aka sallame mu, tasi ta ajiye mu a ƙofar gida, muka tarar da Yaya a bakin titi da katan-katan na ruwan sanyi yana miƙa wa masu wucewa sadaka, ana ta sa masa albarka. Yarinya ta ja ƙafa ta zaga bayan gida. Babu kare, babu igiya. Kwanon kawai ta tarar, a kife.

Na fito na ce, "Yaya, ina karen?"

"Halas, magana ta ƙare, na fitar da shi," ya ce, yana miƙa wa wani gora. "Kwanaki masu alfarma irin waɗannan, ba zan kwana da kare a gidana ba. Na kai shi bayan gari na ɗaure a gindin wani dutse, masu tumaki za su ɗauka."

Bayan gari. A zafin Makka, da ko takalmi ka bari a rana ba ka iya saka ƙafa. A ɗaure.

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Na ce ai na tambaye ka, na durƙusa na tambaye ka, me ya hana ka ce a'a? Ya ce kunyata ya ji. Ka ji fa, ya ji kunyar ya ce mini a'a, amma bai ji kunyar ɗaure rai a rana ba. Matarsa tana jan mayafina tana cewa in yi haƙuri, kare ne fa, kada in ɓata zumunci a kan kare.

Ashe yarinyar tana tsaye a bayana da kwanon a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi katan-katan ɗin nan, ta dube shi, ta ce, "Baffa, ka bar masa moya?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara gorunan da ba su buƙatar gyara.

Da mijina ya dawo daga Mina ya sa aka nuna masa wurin. Ya dawo da igiyar a aljihu, ya ce wa yarinya masu tumaki sun ɗauke shi. Ni ya gaya mini gaskiya a kicin, cewa a mace ya tarar da shi, kuma ban taɓa gaya mata ba. Ina jin ta sani, don ba ta sake tambaya ba, kuma da muka koma Shisha ba ta ƙara hawa saman benen nan ba.

Muna gaisawa da Yaya har gobe, zumunci bai yanke ba, amma ban sake kwana a gidansa ba. Abin da na koya shi ne, duk wanda ya ce mini ba komai bai dube ni ba, sai in ɗauka a'a ya ce, in kwashe abina tun da wuri. Ni kuma in aka kawo mini amanar da ba zan iya riƙewa ba, a take nake faɗa, ko za a ce ba ni da kunya.