Baba Kunne da Tukwanen da Suka Dawo

Shekara talatin da uku Baba Kunne ya yi a kamfanin tukwanen ƙarfe, duk a kan benci ɗaya, a ƙarshen layin da tukwane ke fitowa bayan an sa musu mariƙi. Aikinsa dubawa, kayan aikinsa kuwa wani tsohon cokali ne mai lanƙwasasshen baki. Yakan rataye tukunya a yatsa, ya buga mata cokalin sau biyu, ya karkata kai. In ƙarar ta yi tsawo, sai ya buga hatimi ta wuce. In ta mutu da wuri, akwai tsagar da ido ba ya gani, sai ya ajiye ta hagu a mayar da ita wuta. Daga nan ya samo sunan. Sunansa na yanka kuwa, ko a ofis sai an duba takarda.

Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa takan ce a gida ma ko kofi aka miƙa masa sai ya ƙwanƙwasa kafin ya sha. Ranar da suka je gaida surukan ɗansu, sai da ta taka masa ƙafa, don ta ga hannunsa ya nufi kwanon mutane.

Saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya aka kawo sabon manaja, shi kuma ya zo da ƙwararre kan inganta aiki, wani mai kwat da agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a wuya. Kwana uku aka kashe injuna ana taron bita a kan illar ɓata lokaci. An ci abinci sosai. A rana ta huɗu aka kafa ƙaton allo a bango, da sunan kowa da yawan tukwanen da ya buga wa hatimi. Kafin a tashi aiki, ma'aikata sun raɗa wa ƙwararren suna Mai Allo.

Mai Allo ya zo ya tsaya a bayan Baba Kunne, agogon wuya a tafin hannu.

"Baba, me ya sa sau biyu kake bugawa?"

"Na farko tambaya ce, yallaɓai. A na biyu take ba da amsa."

"Wa ke nan?"

"Tukunyar."

Mai Allo ya yi rubutu mai tsawo. Sannan ya nuna tarin da ke hagu. "Waɗannan fa?"

"Ba su da lafiya."

"Ni lafiya lau na gan su."

"Haka ne, yallaɓai. Ni ma lafiya lau na gan su."

Allon dai bai san da zaman tukwanen hagu ba, wadda aka buga wa hatimi kawai yake ƙirgawa. Mai dubawa na layi na biyu, wani magidanci da ake kira Guguwa, shi ya fara gane haka. A hannun Baba Kunne ya koyi aiki, amma tun a makon farko ya jefa cokalinsa a aljihu, ya nemi a ƙara masa hatimi na biyu don hannun hagu.

"Baba, wai kai makaɗi ne ko ma'aikaci?" in ji shi. "In biki kake nema ka faɗa mana, mu haɗa ka da masu aure."

"Allah ya ba hannu lafiya, ɗana," in ji Baba Kunne.

Ƙarshen wata aka manna hoton Guguwa a saman allo. Sunan Baba Kunne yana can ƙasa, da jan alli. Wata na biyu aka ba shi takarda: in lambarsa ba ta tashi ba za a sallame shi, kuma wanda aka sallama ta wannan hanya ba ya cikin masu cin haƙƙin ritaya.

Matarsa ta sa aka karanta mata takardar sau biyu. "Malam, ka buga musu hatimin nan mana. Kai za ka yi girki a ciki?"

"Wata ce za ta yi."

"To ita watar ce za ta riƙe mu in an kore ka?"

Ya ninke takardar, ya sa a aljihu. Washegari ya gwada shawararta. Tukunya goma sha ɗaya ya buga wa hatimi ba tare da ya taɓa cokali ba. Kafin azahar aka gan shi a sito yana ɗaga kwali bayan kwali, har ya zaƙulo su duka. Uku ba su da lafiya. Ranar lambarsa ta fi ta kullum lalacewa.

Manaja mutum ne da ba ya son a ce ya kori tsoho da hannunsa. Sai ya buɗe masa sabon wuri, Sashen Karɓar Ƙorafi, wani ɗaki mara taga a bayan sito, inda za a riƙa karɓar tukwanen da masu saye suka dawo da su. A da, a wata guda da kyar ake dawo da biyu. Sunansa na nan a allo, sharaɗin takarda ma yana nan. Kowa ya gane lissafin, har masu gadi suka fara yi masa gaisuwa irin ta mai jinya.

Makon farko ya share ɗakin. Mako na biyu ya sake sharewa. A na uku wata mata ta shigo da tukunya a ka, ranta a ɓace.

"Baba, wannan tukunya kuka sayar mini ko rariya? Na ɗora ruwa, kafin in juyo ta kashe mini wuta."

Ya juya tukunyar, ya dubi hatimin da ke gindinta, ya buga cokali sau ɗaya. Bai ƙara na biyu ba. "Yi haƙuri, 'yata," ya ce, ya buga mata hatimin karɓa.

Bayanta sai 'yan kasuwa suka fara zuwa da baro. Daga baya aka koma a-kori-kura. Dokar allo kuwa ba ta canza ba: duk tukunyar da ka buga wa hatimi, taka ce. Sunan Baba Kunne ya fara hawa, layi bayan layi, har ya wuce na Guguwa, don tukwanen layin Guguwa da na layin da shi ya bari duk ta ƙofarsa suke dawowa. Mai Allo ya rubuta rahoto cewa tun da aka kafa kamfanin ba a taɓa ganin sashen da ya bunƙasa da sauri haka ba, kuma wannan shaida ce ta nasarar sabon tsari. Guguwa ya rubuta takardar neman a mayar da shi can.

A taron ƙarshen shekara aka kira Baba Kunne gwarzon ma'aikata. Manaja ya yaga takardar gargaɗin a gaban jama'a, ya ce wannan dattijo ya nuna cewa ko tsoho in ya rungumi zamani zai yi abin mamaki. Aka yi tafi. Aka miƙa masa kyautar babbar tukunya sabuwa fil, an ɗaura mata jan ƙyalle. Hannunsa ya nufi aljihun da cokali yake. Daga sahun gaba matarsa ta yi tari. Hannun ya dawo, ya karɓi tukunyar, ya yi godiya.

Ya yi ritaya a ranar da ta dace, da haƙƙinsa cikakke. Kamfanin yana nan, an ce ma an faɗaɗa Sashen Karɓar Ƙorafi, ya koma babban zauren da layi na biyu yake a da.

Kwanaki na bi ta ƙofar gidansa, na tarar da tukunyar kyautar a gindin katanga, cike da ƙasa, barkono ya yi kyau a cikinta. Na ce ashe har ya samu wanda ya huda masa gindinta.

"Ba a huda ba," in ji shi. "Tukunya ce mai kirki. Ruwa ba ya kwana a cikinta."