Kawu Buba da Gajerarsa

Tun ina da cikin Ummi nake fargabar ranar da za ta ce, "Mama, yaya kamannin kakata?" Sunan Innata aka sa mata, amma Inna ta rasu kafin a haife ta, kuma ba ni da hotonta ko ɗaya. Ba ta son hoto. Na jikin katin shaidarta ma ruwa ya cinye shi shekarar da ambaliya ta shigo mana ɗaki. Abin haushi, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya mai hoto ne!

Kun dai san Kawu Buba. Duk unguwarmu ta Briqueterie ba wanda ya kai shi tafiya da baya. Ido ɗaya a rufe, kyamara a fuska, yana ja da baya yana ja, wai sai ginin ya shiga gaba ɗaya. Haka ya taɓa jingina da murhun mai tsire.

"Malam Buba, rigarka na cin wuta!"

"Yayyafa mata ruwa, ɗana, amma kar ka girgiza ni. Inuwa ta kusa sauka daga tagar can."

Gini kawai yake ɗauka. In an ce ya ɗauki mutum sai ya yamutsa fuska, wai mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga haƙora. Ranar aurena kunya ta sa muka ba shi aikin, tunda kawun amarya ne. Da hotuna suka fito, wayyo ni! Ga katanga, ga rufin kwano, ga indararo tsaf.

Na ce, "Kawu, ina amaryar?"

Ya sa farce a kan wani ɗigo ja. "Ga ki nan."

"Haba Kawu!"

"Ke kowa ya gan ki ranar. Wa ya kula da tagar nan?"

Sai kuma littafin. Wani ƙaton littafin Faransanci ne, bangonsa ya daɗe da tafiya, kan yadda ake ɗaukar hoton gini. A wajen Kawu maganin komai ne. Ka kai masa kukan ciwon baya, ko na ɗa mara ji, zai ce, "Ka duba littafin nan kuwa?" Ni ma da na gaya masa damuwa na hana ni barci, sai ya ɗora mini shi a cinya.

"Kawu, ni fa a aji uku na tsaya."

"Wa ya ce ki karanta? Kallo za ki yi. Dubi yadda ginin nan ya tsaya, bai jingina da kowa ba. Mai kallon abu miƙaƙƙe zuciyarsa kwanciya take yi."

Wallahi na yi barci ranar, ko don nauyinsa ne oho. Ya taɓa ara wa wani tela littafin a unguwar Messa, da ya je karɓa sai ya tarar an tokare ƙafar tebur da shi. Kowa ya zaci za a yi yaƙi.

"Teburin ya miƙe?"

"Ya miƙe, Malam."

"To littafi ya yi aikinsa. Kai ne dai ka rage a karkace."

A cikin littafin ne ya ga cewa a riƙa tsayar da mutum a bakin ƙofa, don a gane tsawon gini. Wa zai tsayar in ba Inna ba? Tana yawon tallar ƙosai da safe, daidai lokacin da shi ma yake cewa haske na da ladabi.

"Gajera, tsaya bakin ƙofar can."

"Yaya, ka san ba na hoto."

"Ke wa zai ɓata fim a kanki? Gidan nake ɗauka."

Sai ta tsaya tana mita, ƙosai na hucewa. Na taɓa tambayarsa me ya sa kullum ita. Ya rage murya ya ce, "In ta tsaya, ko akurki sai ya koma bene. Masu gida na jin daɗi."

Ni duk na ɗauki wannan abin dariya ne, sai ranar zaman makokinsa. Wata Hajiya daga unguwar Tsinga ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ai mahaifiyarki na rataye a falonmu." Washegari na goya Ummi muka je. Ga hoton a bango: ga bene, ga ƙofa, ga Inna kamar ƙwayar shinkafa, faranti a ka, hannu ɗaya a ƙugu. Fuskar ba ta fito ba, amma tsayuwar tata ce. Na zauna a ƙasan falon mutane na yi ta kuka, Ummi na shafa mini kumatu.

Allah Ya jiƙan Kawu Buba, Ya jiƙan Gajerarsa, Ya haɗa su a gidan da ya fi duk wanda ya taɓa ɗauka kyau.

Kawu bai ajiye komai ba, kowane hoto mai gida yake ba, fim ɗin kuma danshi ya lalata. Don Allah, duk wanda ya taɓa ɗaukar masa gida, ya sauke hoton ya duba bakin ƙofa. Musamman ku na cikin lungu, inda katangar maƙwabci ke hana shi ja da baya, dole ya ɗauka daga kusa. In kun ga fuskarta ta fito, ku aiko a kira ni. Ba zan karɓe muku ba. Ummi kawai zan kawo ta gani.