Baba Alfari da Ajiyar Butar Shayi

Da an fito sallar asuba Baba Alfari yake jawo famfonsa ƙarƙashin dogon yaro, a bakin tashar manyan motoci ta Gaya, ya yi ta facin taya har la'asar. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Bana ciwon baya ya ce ya isa haka, zai ajiye aiki. Ni kuwa ba don faci nake jinjina masa ba, masu faci sun yi yawa a garin nan.

Da la'asar, daidai lokacin da ƙafar mashaya ke ƙaiƙayin ƙetare gada zuwa gidajen giya na Malanville, shi kuma sai ya hura gawayi ya buɗe fada, wato majalisar shan shayi. Mutum tara ne, dukansu giya ta taɓa kayar da su. Ba ya wa'azi, ba ya gori. Wanda hannunsa ke karkarwa, shi yake raka shi wurin likita. Dabararsa guda ce: sabon zuwa shi ke tafiya gida da butar shayi. In bai kawo ta gobe ba, babu mai kurɓa.

Haka aka yi wa Cha'ibu direba, wanda matarsa Firdausi ta kwashe yara ta koma garinsu Yélou, ta ce ba ta dawowa sai ya ƙetare damina bai sha ba. Ya yi kwana arba'in yana kawo buta, rana ɗaya aka neme shi aka rasa.

Nasir, ɗaya daga cikin ƴan fadar, ya ce, “Baba, mu aro wata mana.”

“Buta muka rasa ko mutum? Ku ɗauki benci mu tahi.”

Suka kwashi benci da murhu har ƙofar gidan Cha'ibu. Ya fito ido jajir, kunya kamar ya nitse.

“Baba, na ɓata.”

“Mun ji. Miƙo butar, ruwa na tafasa.”

Sati uku a nan fada ta zauna. Babu wanda ya ɓoye wa Firdausi abin da ya faru, Baba da kansa ya hau babur ya je ya faɗa mata. Ta yi kuka, ta ƙara wa'adi zuwa bayan yankan shinkafa.

Baba Alfari, kai ne ka gane cewa kaɗaici ya fi kwalba kisa. Gatan wanda dangi suka gaji da shi! Mu da muke kauce wa mashayi a hanya, ka ba mu kunya, kuma mun gode. Duk mai ɗan'uwa cikin wannan hali, ya daina jiran ya shiryu tukuna, ya je ya zauna da shi.

An yanke shinkafa, Firdausi ta dawo. Kafin ta shiga ɗakinta sai da ta biya ta tasha, ta durƙusa gaban tsohon, ta ce, “Baba, yara sun ce in gaya maka, jiya babansu ya kira su a waya, kowa da sunansa, bai rikita ko ɗaya ba.”