Sautin da Yaya Ta Ƙi Furtawa

Yayata ta yi shekara goma sha tara tana aiki a ɗakin tsofaffi na asibiti, tana juya marasa lafiya, tana sauya zanin gado, tana shafa mai a bayan da ya fara salewa. Abokan aikinta suna kiranta Mai Kunne. Ba don girman kunnuwanta ba ne, ko da yake, tsakani da Allah, ba ƙanana ba ne. Daga bakin ƙofa take jin numfashin mutum ta ce a kira 'yan'uwansa, kuma ba ta cika yin kuskure ba. Shi ya sa ake ɗan shakkarta.

Da wani gidan kula da tsofaffi a Jamus ya yi mata alkawarin aiki, sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: ta ci jarrabawar Jamusanci kafin wata tara. Rubutu bai ba ta wahala ba. Har wasalin nan da ake tsuke baki kamar za a yi fito ta iya, bayan mun sha dariya har da riƙe ciki. Amma sau biyu tana faɗuwa a jarrabawar baka. Malamarsu ta ce matsalar "r" ce, domin Jamusawa daga can cikin maƙogwaro suke jawo ta, ita kuwa Yaya da kan harshe take kaɗa ta. Sai ta ba ta dabara: ta kurɓi ruwa, ta ɗaga kai, ta yi ta kurkure maƙogwaro, kullum tana rage ruwan har ya zama babu.

Wata safiya ina shanya a bayan gida na ji ta dace. Sautin ya fito ba ruwa, a bushe, yana karkarwa. Sai kuma na ji kofi ya faɗi. Na same ta tsaye gaban madubi, fuskarta ba jini. Na fara tsokanarta da Bajamushiya, ba ta yi dariya ba.

"Na san wannan sautin," in ji ta. "Duk wanda na ji yana yin sa a ɗakinmu na asibiti, ba ya ƙara kwana biyu."

Daga ranar ta ƙi sake gwadawa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna mata cewa dama ɗaya ta rage. Ta ce ba za ta kira abin da ba a aike ta kira ba, alhali Inna, mahaifiyarmu, tana kwance ba lafiya a nan cikin gida, shekara biyu ke nan. Haushi ya cika ni, don ni dai a ganina camfi ne kawai.

Saura kwana shida jarrabawa, da rana tsaka, muna ninke kaya sai Yaya ta tsaya da zani a hannu, ta karkata kai. Ni ban ji komai ba sai ƙarar fanka. Ta ce in kira kawunmu.

Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun Inna. Kafin la'asar ni ma na fara jin sa. Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne, can anjima sai na ji sautin ya zama biyu. Inna ta ja, Yaya ta amsa, a hankali, baki a ɗan buɗe, hawaye na zuba. Har yau ta rantse ba ta san tana yi ba. Da na Inna ya tsaya, nata ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, sai da kawu ya dafa kafaɗarta.

Ta ci jarrabawar. Malamar ta ce kamar a can aka haife ta, har ta tambaye ta wa ya koya mata.

Shekararta uku ke nan a can. Kwanaki muna waya wani ya shigo mata, ta juya ta yi masa magana da Jamusanci. Na janye wayar daga kunnena. Da ta dawo kaina na roƙe ta, don Allah, ta daina yin yaren nan in ina kan layi, domin Inna nake ji.

Ta ce, "Ke a waya kike jin ta, ƙanwata. Ni da ita nake yini."